Ƙwaro Mai Kama Da Zuma: Riba Da Hasararsa Ga Manoman Keffi

KEFFI — Tun daga shekarar 2023, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur, darajar naira kuma ta faɗi a kasuwar canji, kuɗin maganin ƙwari ya shiga sahun abubuwan da suka fi cin aljihun manoma a ƙasar Keffi ta Jihar Nasarawa, kasancewar yawancin magungunan, ko sinadaran da ake haɗa su da su, daga ƙasashen waje ake shigo da su. Wannan hali ya sa wata tambaya da a da ba a cika damuwa da ita ba ta zama maganar kuɗi, wato wane ƙwaro ne ya cancanci a kashe masa kuɗin feshi, wane ne kuma barinsa da rai ya fi riba.

Ɗaya daga cikin ƙwarin da wannan lissafi ya shafa shi ne wani ƙwaro mai kaurin jiki, mai launin kore da rawaya, da jar ɗamara a tsakiyar cikinsa, wanda akan gani da rana tsaka yana shawagi a kan furanni yana ƙugi kamar ƙudan zuma. Masu lambu da yawa sukan ja da baya idan sun gan shi don gudun harbi, alhali kuwa ba shi da ƙari ko kaɗan. Masana ilmin ƙwari suna kiransa Cephonodes hylas, kuma sun sanya shi cikin dangin faɗa-wuta, wato 'yan uwan malam-buɗe-littafi waɗanda yawancinsu da dare suke tashi suna kewaya fitila. Domin sauƙin bayani, a wannan rahoto za a kira shi mai-kamar-zuma.

Abin da ya sa ya dace a yi maganarsa a shafin tattalin arziki shi ne, tsutsarsa tana cin ganye, shi kuma idan ya yi fiffike yana ɗaukar garin fure daga wannan fure zuwa wancan, aikin da tsirrai da yawa ba sa yin 'ya'ya sai da shi. Ke nan a littafin manomi yana da shafi biyu, na hasara da na riba, kuma sanin yadda yake rayuwa ne kaɗai zai nuna wanne shafi ya fi nauyi a kowace gona.

KAMA DA WANE BA TA WANE

Masanin nan na ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ne ya fara rubuta bayanin wannan ƙwaro a shekarar 1771. Ana samunsa a ƙasashen Afirka da ke kudu da hamadar Sahara, har da Najeriya, da kuma Indiya da Sin da Japan da kudu maso gabashin Asiya har zuwa Ostareliya. Babban gidan da ya fito, wanda masana suke kira Sphingidae, yana da nau'o'i kimanin 1,450 a duniya, kuma an san su da ƙarfin fiffike da saurin tashi, abin da ya sa Turawan Ingila suke danganta su da shaho a sunan da suke kiransu.

Faɗin fukafukan mai-kamar-zuma idan ya buɗe su yakan kama daga santimita huɗu da rabi zuwa bakwai. Yana da dogon baki siriri mai tsawon kimanin santimita biyu, wanda yake naɗewa kamar gammo a ƙarƙashin kansa idan ba ya amfani da shi. A ƙarshen jikinsa akwai tukkun baƙin gashi da yake bazawa kamar mafici lokacin da yake tsaye a iska. Da wannan ne ake rarrabe shi da zuma. Ƙudan zuma yakan sauka a kan fure ya kutsa ciki, shi kuwa mai-kamar-zuma a iska yake tsayawa cak, ya zura bakinsa ya tsotsi ruwan zaƙin fure, sa'an nan ya zabura zuwa na gaba cikin ƙiftawar ido.

Kamar da yake yi da zuma da rina ita ce garkuwarsa. Tsuntsun da ya taɓa shan harbi yakan ƙaurace wa duk wani ƙwaro mai wannan launi da wannan ƙugi, saboda haka mai-kamar-zuma yake samun damar yin kiwonsa da rana, lokacin da sauran danginsa suke ɓoye a jikin itatuwa suna jiran magariba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalin masana a jikinsa shi ne fukafukansa, waɗanda suke garai-garai kamar gilashi, sai baƙaƙen jijiyoyi da suka ratsa su. Ba haka yake fitowa ba. A ranar da ya fito, fukafukan suna lulluɓe ne da irin garin nan da yake mannewa a yatsun wanda ya kama malam-buɗe-littafi, amma da zarar ya kaɗa su a karon farko sai garin ya kakkaɓe, ba kuma zai sake fitowa ba. A cikin shekarun 1990 masu bincike a Japan sun duba fiffiken da na'urar ƙara girman abu, suka tarar yana cike da wasu ƙananan ƙuraje da ido ba ya gani, waɗanda suke hana shi ƙyalli idan haske ya sauka a kansa. Irin wannan tsari ne masana'antu suke kwaikwayo wajen ƙera gilashin da ba ya kashe ido.

DAGA ƘWAI ZUWA FIFFIKE

Rayuwar mai-kamar-zuma hawa huɗu ce, kuma kowane hawa yana da abin da yake nufi ga mai gona.

Hawa na farko shi ne ƙwai. Macen takan bi sabon toho tana ajiye ƙwai ɗaya-ɗaya a kan ganye mai taushi, ba ta tara su wuri guda. Ƙwan kore ne, bai kai ƙwayar gero girma ba, kuma a ƙasa mai zafi yakan ƙyanƙyashe cikin kwana uku zuwa huɗu.

Hawa na biyu shi ne tsutsa, kuma a nan ne kaɗai ake samun ɓarna. Tsutsar yawanci koriya ce mai farin layi a gefenta, ko da yake akan sami masu duhun launi, tana kuma da wani ɗan ƙaho a bayanta, wanda shi ne alamar duk tsutsotsin wannan gida. Ƙahon ba ya harbi, ba shi da dafi, tsutsar kuma ba ta da gashi mai ƙaiƙayi irin na gizaka. Takan yi saɓa sau huɗu kamar yadda maciji yake yi, tana ƙara girma bayan kowace saɓa, har ta kai kimanin santimita shida cikin kusan mako uku. Mafi yawan ganyen da take ci a duk rayuwarta, a cikin kwanakin ƙarshe ne take cinsa. Wannan ne ya sa mai lambu yakan wayi gari ya ga an yi wa shukarsa aski ya zaci a dare ɗaya abin ya faru, alhali tsutsar ta yi fiye da mako biyu a wurin launinta ya saje da ganye. Alamar da ta fi saurin tona asirinta ita ce baƙin kashinta mai kama da ƙwayoyin masoro da yake zuba a gindin shukar.

Hawa na uku shi ne kwanciya. Idan tsutsar ta ƙoshi sai launinta ya sauya, ta daina ci, ta sauko ƙasa, ta haɗa busassun ganyaye da 'yar saƙa mara ƙarfi a saman ƙasa, ta rikiɗe ta zama wani abu mai tauri, mai launin ƙasa-ƙasa, kamar ƙwallon dabino. A wannan hali ba ta ci, ba ta tafiya, sai dai a cikin kwasfar jikinta yana sake ginuwa gaba ɗaya. A lokacin zafi wannan yakan ɗauki kimanin mako biyu. A ƙasashe masu tsananin sanyi irin su Japan kuwa, a haka take shafe hunturu sai bazara ta zo.

Hawa na huɗu shi ne babban ƙwaro mai fiffike, wanda ba shi da bakin tauna ganye sam, abincinsa ruwan fure ne kawai, aikinsa kuma neman abokiyar barbara da saka ƙwai. Duka zagayen, daga ƙwai zuwa ƙwai, yakan ɗauki mako biyar zuwa shida, saboda haka a ƙasa irin ta Keffi, inda damina take kamawa daga watan Afrilu zuwa Oktoba, ana iya samun zuriya da dama a shekara guda, yawansu kuma yana bin yawan sabon toho.

Muhimmin abin da ya kamata manomi ya riƙe shi ne, tsutsar tana da zaɓen abinci. Tsirran gida ɗaya ta fi dogara da su, gidan da masana suke kira Rubiaceae, wanda a cikinsa ake da itacen kofi da kuma gauɗe. Gauɗe ba baƙo ba ne a dazuzzukan tsakiya da arewacin ƙasar nan. Da 'ya'yansa matan ƙauye suka daɗe suna yin kwalliyar fuska, ana cin na wani nau'insa, ana kuma yin shinge da rassansa. Doya da rogo da masara da dawa da gyaɗa da riɗi, waɗanda su ne ƙashin bayan noman ƙasar Keffi da Kokona da Karu, ba sa cikin abincin wannan tsutsa.

INDA YAKE ƁARNA

Wannan ba ya nufin ƙwaron bai taɓa yin ɓarna mai girma ba. Tarihin kasuwancin duniya yana riƙe da sunansa. A cikin shekarun 1880 da 1890 Turawa sun zuba jari mai yawa a gonakin kofi a ƙasar Malaya, wadda a yau take cikin Malesiya, musamman a jihar Selangor da maƙwabtanta. Irin da suka fi shukawa shi ne kofin Laberiya, wanda asalinsa daga nan Afirka ta Yamma ne. A ƙarshen shekarun 1890 sai masifa biyu suka haɗu a kansu, wato farashin kofi ya faɗi a kasuwar duniya saboda yawan wanda Barazil take fitarwa, tsutsar mai-kamar-zuma kuma ta yi yawa tana zage ganyen itatuwan. Masu gonaki da yawa sai suka karɓi shawarar da Henry Ridley, shugaban lambun binciken tsirrai na Singafo tun daga 1888, ya daɗe yana ba su, suka koma shuka itacen roba. Cikin 'yan shekaru Malaya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da roba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ƙwaron da yake zaune lafiya a daji yana cin ganye nan da can yakan zama annoba ne idan aka share daji aka shuka abincinsa zalla a fili mai faɗi, aka kuma kori tsuntsaye da sauran maƙiyansa. A Najeriya, masu noman kofi na tsaunin Mambila a Jihar Taraba da na tsaunukan Jos su ne wannan darasi ya fi shafa, tare da Cibiyar Binciken Koko ta Ƙasa da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1964, wadda kuma binciken kofi da kashu da goro da shayi yake hannunta.

Keffi ba ƙasar kofi ba ce. Waɗanda tsutsar take iya taɓa wa jari a nan su ne masu renon furanni da itatuwan ado, sana'ar da ta bunƙasa a bakin hanyoyin Abuja da garuruwan da suke kan hanyar Keffi irin su Masaka da Mararaba, saboda yawan gine-ginen gidaje da otal-otal. Cikin abin da suke sayarwa akwai gauɗen Turawa mai farin fure da ƙamshi, wanda ɗan uwa ne ga gauɗen daji, kuma tsutsar tana sonsa ƙwarai. Tsutsa biyu ko uku sun isa su zage ɗan dashe guda cikin kwanaki kaɗan. Shukar ba ta cika mutuwa ba, takan sake toho, amma babu mai sayen dashe mara ganye, saboda haka sai mai shi ya ci gaba da ba shi ruwa na makonni ba tare da ciniki ba.

Akwai kuma danginsa na dare da manoma suka fi cin karo da su. Tsutsar wani nau'i da ake kira Agrius convolvuli tana cin ganyen dankalin Hausa, ta Hippotion celerio tana cin ganyen gwaza da na inabi, shi kuwa Acherontia atropos, mai zanen ƙoƙon kan mutum a gadon bayansa, yakan kutsa cikin amya ya sha zuma. Dukkansu tsutsotsinsu masu ƙaho ne, kuma dukkansu suna bin hawa huɗun da aka bayyana.

AIKIN DA BA A BIYAN LADANSA

A shafin riba kuwa, lissafin ya fi girma, sai dai ba a ganinsa da ido. A watan Fabrairun 2016 wani kwamitin masana na ƙasa da ƙasa kan halittu da muhalli, wanda aka fi sani da IPBES, ya fitar da rahoto a birnin Kuala Lumpur inda ya bayyana cewa kimanin kashi 75 cikin 100 na manyan nau'o'in amfanin gona na duniya suna dogara, ko da kaɗan ne, ga ƙwari da tsuntsaye da jemagu wajen barbarar fure. Rahoton ya ƙiyasta darajar amfanin gonar da wannan aiki yake samarwa a kan dalar Amurka miliyan dubu 235 zuwa miliyan dubu 577 a kowace shekara. Ya kuma ce kusan kashi 90 cikin 100 na tsirran daji masu fure suna buƙatar wannan taimako.

Ya kamata a fahimci inda wannan ya shafi Jihar Nasarawa. Masara da dawa da gero da shinkafa ba sa buƙatar ƙwari, iska ce take yi musu aiki ko kuma su yi da kansu. Doya da rogo kuwa ba daga fure ake samun irinsu ba. Amma amfanin gonar da ake sayarwa a sami kuɗin makaranta da na asibiti, irin su agushi da kabewa da kankana da mangwaro da kashu da kaɗanya da riɗi, duka suna ƙaruwa da ziyarar ƙwari. Wani bincike da aka buga a 2017 kan gonakin Burkina Faso ya nuna cewa ziyarar ƙudan zuma tana ƙara yawa da ingancin auduga da riɗi, kuma Nasarawa tana cikin jihohin da suke kan gaba wajen noman riɗi a ƙasar nan, musamman yankin Doma da Lafia.

Ƙudan zuma ne jagoran wannan aiki, babu tantama. Amma akwai furannin da maƙogwaronsu yake da zurfin da bakin zuma ba ya kai wa, kuma a nan ne dangin mai-kamar-zuma suke da muhimmanci. A 1862 masanin nan na Ingila, Charles Darwin, ya ga wani fure daga tsibirin Madagaska mai maƙogwaro kusan santimita 30, ya ce lallai akwai faɗa-wuta mai baki mai wannan tsawo a tsibirin. An gano ƙwaron a 1903, kuma sai a 1992 aka gan shi yana shan ruwan furen. Shi ma ɗan gidan Sphingidae ne. Furen gauɗe na dajinmu, fari mai dogon wuya da yake baza ƙamshi da yamma, irin wannan baƙi yake kira.

Misalin da ya fi kusa da aljihun mai lambu shi ne gwanda. A irin gwandar da aka fi shukawa a gidaje da lambuna akwai itace namiji da itace mace. Furen namiji ne yake da gari da ruwan zaƙi, na macen ba shi da ruwan zaƙi, amma ƙamshinsa yana yaudarar faɗa-wuta ya leƙa shi, ta haka garin da ya manne a bakinsa yake isa inda ake buƙata. Binciken da Dino Martins da Steven Johnson suka buga a 2009 kan ƙananan gonaki a Kenya ya tabbatar da cewa faɗa-wutan wannan gida masu tashi da magariba su ne suke yi wa gwanda barbara, kuma yawan ziyararsu yana raguwa gwargwadon nisan gona daga daji. Cikin nau'o'in da suka lissafa akwai Agrius convolvuli da Hippotion celerio, wato su dai waɗanda tsutsotsinsu suke cin ganyen dankali da gwaza. Ke nan wanda ya yi feshi ya ƙare da su a kunyar dankali, yana iya tarar da sakamakon a kan itacen gwanda, inda fure zai zube, ko 'ya'ya su fito ƙanana marasa siffa. Haka nan mai sare duk namijin gwanda don ba ya 'ya'ya, shi ma ya rage wa kansa. Shawarar da masana aikin lambu suka saba bayarwa ita ce a bar namiji ɗaya ga mata kamar goma.

LISSAFIN FESHI

Tun farkon shekarar 2016, lokacin da aka fara ganin baƙuwar tsutsar nan mai cin masara a Najeriya, wadda asalinta daga nahiyar Amurka take, da kuma annobar da ta cinye tumatir a Kano da Kaduna da maƙwabtansu a wannan shekarar, manoma suka ƙara riƙe tankin feshi da hannu biyu. Suna da hujja, domin waɗannan maƙiya ne na gaske. Matsalar ita ce al'adar da ta biyo baya, ta yin feshi da ganin kowace irin tsutsa.

Bambancin a fili yake ga wanda ya duba. Baƙuwar tsutsar masara ba ta da ƙaho, uwarta takan saka ƙwai ɗari ko fiye a dunƙule wuri guda, ita kuma takan ɓuya a cikin zuciyar masara. Tsutsar mai-kamar-zuma da danginta babba ce, mai ƙaho, ɗai-ɗai ake samunta, kuma a kan ganye take a fili. Saboda girmanta da ƙarancinta, hanya mafi arha ta maganinta a lambu ko wurin renon dashe ita ce a zaga sau biyu a mako da safe, a duba ƙasan ganye da sabon toho, a tsince ta da hannu a watsa wa kaji. Wanda ya san cewa ɓarnar a kwanakin ƙarshe take, zai gane cewa feshin da aka yi bayan ganye ya ƙare kuɗi ne aka zubar, domin a lokacin tsutsar ta riga ta sauka ƙasa ta shiga kwasfa, inda maganin ba zai same ta ba.

Idan tsutsar ta yi yawan da hannu ba zai iya ba, akwai ruwan 'ya'yan dogon yaro da aka daka aka jiƙa, akwai kuma maganin da ake yi da wata ƙwayar halitta mai suna Bacillus thuringiensis, wanda tsutsar da ta ci ganyen kawai yake kashewa, ba ya taɓa zuma. Magunguna masu ƙarfi da suke kashe duk abin da suka samu suna haɗawa har da masu taimakon manomi, irin su ƙoƙi-ƙoƙi da gizo-gizo da wasu ƙananan zanzaro da suke saka ƙwansu a cikin ƙwan faɗa-wuta su kashe shi tun bai ƙyanƙyashe ba. Idan aka kawar da waɗannan, zuriyar tsutsa ta gaba takan zo ta tarar babu mai tare ta, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Lokacin feshi shi ma abin lura ne. An saba shawartar manoma su yi feshi da yamma bayan zuma ta koma amya, kuma wannan yana kare mai-kamar-zuma tun da shi ma da rana yake kiwo. Sai dai a lambun gwanda, magariba ita ce lokacin da faɗa-wutan dare suke fitowa aiki. Saboda haka abin da ya fi shi ne a kauce wa fesa itacen da yake cikin fure, sai idan babu makawa.

Kasuwar duniya ma tana hukunta sakaci da magani. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan ragowar maganin nan da jama'a suka fi sani da fiya-fiya, a 2018 kuma ta hana amfani da wasu magunguna uku a filin gona saboda illar da suke yi wa zuma. Masu sayen riɗi na ƙasashen waje su ma suna auna ragowar magani kafin su karɓi kaya.

DAJIN DA YAKE JA DA BAYA

Bayan feshi, babbar barazana ga waɗannan ƙwari ita ce ɓacewar dajin da suke hayayyafa. Keffi, garin da Abdu Zanga ya kafa a farkon ƙarni na 19, yana da nisan kimanin kilomita 50 ne kawai daga Abuja, kuma tun bayan ƙaurar Gwamnatin Tarayya zuwa sabon babban birnin a 1991 da ƙirƙiro Jihar Nasarawa a ranar 1 ga Oktoban 1996, filayen da suke tsakanin garuruwan biyu suke ta komawa gidaje. Buhunan gawayi da ake jerawa a bakin hanyoyin yankin shaida ne na itatuwan da ake sarewa. Maganin kashe ciyawa ya share gefen gonaki inda furannin daji suke fitowa, ƙunar daji da rani kuma tana cinye busasshen ganyen da tsutsa take kwanciya a ciki.

Abin da ya faru a Birtaniya ya isa ishara. A can akwai nau'i biyu na mai-kamar-zuma, na zuriyar da ake kira Hemaris, waɗanda sau ɗaya suke hayayyafa a shekara, suna tashi a watannin Mayu da Yuni. An ƙiyasta cewa Ingila da Wales sun rasa kashi 97 cikin 100 na makiyayarsu masu furannin daji tsakanin shekarun 1930 da 1980, ɗaya daga cikin nau'o'in biyu kuma, Hemaris tityus, ya ɓace daga wurare da yawa da aka san shi a da. A yau gwamnati tana biyan manoman can kuɗi domin su bar gefen gonakinsu ya yi fure, wato suna sayen abin da manomin Keffi yake da shi kyauta.

ABIN DA YA RAGE GA HUKUMOMI

Jihar Nasarawa ba ta rasa cibiyoyin da za su ɗauki wannan aiki ba. Jami'ar Jihar tana nan Keffi, tsangayarta ta aikin gona kuma tana Shabu kusa da Lafia. Akwai Shirin Bunƙasa Aikin Gona na jihar, wanda malaman gona suke ƙarƙashinsa. A Samaru ta Zariya, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da ma'ajiyar ƙwari da za a iya kai samfuri a tantance, Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ƙasa da ke Ibadan kuma ita ce take kula da binciken gwanda da mangwaro da lemo.

Aikin da ake buƙata ba mai tsada ba ne. Ɗaliban jami'a za su iya ƙidaya ƙwarin da suke ziyartar furen gwanda da kashu da agushi a gonakin Keffi da Garaku da Gitata, su kwatanta gonar da take kusa da daji da wadda take nesa, domin a sami alƙaluman gida da za a nuna wa manoma. Takarda guda mai hoton tsutsa mai ƙaho a gefen hoton baƙuwar tsutsar masara, da bayani cikin Hausa da Gwandara da Gbagyi da Eggon da Mada, za ta iya hana zubar da kuɗin feshi a gonaki masu yawa, musamman idan aka manna ta a shagunan sayar da maganin ƙwari, inda yawancin manoma suke samun shawara. Gidajen rediyon jihar suna da ranar 20 ga Mayu, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe a 2017 domin tunawa da zuma da sauran masu barbarar fure, kuma ta zo daidai da farkon damina, lokacin da manoma suke sayen magani.

Shi kuma manomi, abin da yake hannunsa shi ne ya bar 'yan gauɗe da furannin daji a kan iyakar gonarsa, ya kare gefen rafi daga wuta, ya bar namijin gwanda, ya kuma duba tsutsa da kyau kafin ya kwance bakin aljihu. A shekarun da kowace kwalbar magani take cin kuɗin mudu da yawa na hatsi, wannan ɗan dubawa yana cikin jarin da ya fi saurin dawo da riba.